Lantarki daga iskar teku: ina wahalar take, kuma ina aka dosa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a sashen injiniyan lantarki. Ina yawan ganin hotunan manyan injinan iska da Turawa da mutanen Sin ke kafawa a tsakiyar teku. Tunda iska kyauta ce, teku kuma ga shi nan fili fetal, me ya hana a cika shi da su? Waɗanne matsalolin aiki ne ke kawo cikas, kuma harkar nan tana da gaba kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da kake gani a hoto, wato fukafukan nan uku da dogon ginshiƙinsu, shi ne ɓangaren da aka fi ƙwarewa a kansa. Wahalar tana can inda kyamara ba ta kaiwa: cikin lakar ƙasan teku, cikin kebul ɗin da aka binne, da kuma ranar da wani abu ya lalace alhali igiyar ruwa ta hana jirgi fita. A yawancin ayyukan, kuɗin injin kansa bai kai rabin jarin da ake zubawa ba. Sauran duk teku ne ke cinye shi.

Dalilin da ya sa ake jure wannan wahala lissafi ne da ka riga ka sani daga aji. Ƙarfin da ke cikin iska yana tafiya ne da gudunta sau gudunta sau gudunta. Iska mai gudun mita 7 a daƙiƙa, 343 ke nan. Mai gudun mita 10 kuwa 1,000. Ƙarin mita 3 kacal ya kusa ninka wutar sau uku. A teku babu tudu, babu bishiya, babu gini da zai karya iska, sai ta zo da ƙarfi kuma a daidaice. Shi ya sa sababbin tashoshin teku ke ba da kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na iyakar ƙarfinsu idan aka auna shekara guda, abin da yawancin na tudu ba sa kaiwa. Sannan a teku ba ka da kwanar titi ko gada da za ta hana ka wucewa da fiffike mai tsawon mita 100. Daga masana'anta sai jirgin ruwa.

Tasha ta farko ita ce Vindeby a Danmak, a 1991: injina 11, kowanne kilowat 450, jimilla bai cika megawat 5 ba. Ta yi aiki har 2017 kafin a kwance ta. Yau injin Vestas V236 shi kaɗai megawat 15 ne, fiffikensa guda mita 115.5, da'irar da yake sharewa kuma ta haura kadada 4. Don ka ji nauyin wannan, tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina injina 37 ce, dukkansu a haɗe megawat 10. Tashar Dogger Bank da ake ginawa a Tekun Arewa, kilomita 130 zuwa 190 daga gaɓar Ingila, idan ta kammala megawat 3,600 za ta riƙa bayarwa. A ƙarshen 2024 abin da aka kafa a tekunan duniya ya kai wajen megawat 83,000, kusan rabi a ƙasar Sin.

To mu sauka ƙasa, tunda daga can ake farawa. Mafi yawan injinan suna tsaye ne a kan bututun ƙarfe guda ɗaya da ake bugawa cikin ƙasan teku da wata ƙatuwar guduma. Na yanzu faɗinsu kan kai mita 10, nauyinsu ya haura tan 2,000. Kafin a buga ko ɗaya sai an shafe shekaru ana haƙa ana gwada ƙasa, domin teku ɗaya ne amma ƙasansa kala-kala: nan yashi, can yumɓu, gaba kaɗan dutsen da ƙanƙarar zamanin da ta gangaro da shi. Idan bututu ya ci karo da dutse bakinsa na iya lanƙwashewa. Idan kuma ya huda tauri ya faɗa laka mai laushi, sai ya zurma da kansa ba tare da an buga ba. Hakan ya faru a tashar Yunlin ta Taiwan, yana kuma cikin abubuwan da suka jinkirta aikin shekaru. A ruwan Jamus akwai ƙarin wani ciwon kai: kimanin tan miliyan 1.6 na tsofaffin bama-bamai da harsasai na yaƙe-yaƙen duniya suna kwance a ƙasa, dole a bi hanyar kebul da mazaunin kowane inji a tantance.

Bugun kansa ma da sharaɗi. Ƙarar guduma a cikin ruwa tana iya kurmantar da dabbobin teku masu neman abinci da kunne, don haka Jamus ta ƙayyade ƙarar kada ta wuce desibel 160 a nisan mita 750. Abin da ake yi shi ne a zagaye wurin da tiyo mai huji-huji a ƙasan ruwa, a hura masa iska, kumfa ta tashi ta zama labule mai shanye ƙara. Jirgi guda ne sukutum aikinsa ke nan, ana biyansa kullum.

Akwai wani abu da ɗalibai ba su cika lura da shi ba, alhali shi ne ke hana masu zanen tushe barci. Ginshiƙin nan ba sandararre ba ne, yana lilo, kuma yana da saurin lilon da ya dace da jikinsa. Abubuwa uku ne ke tura shi: igiyar ruwa, juyin farfela, da kuma wucewar kowane fiffike ta gaban ginshiƙi, wanda ke faruwa sau uku a kowane juyi. Idan saurin lilonsa ya zo daidai da ɗaya daga cikin ukun nan, girgizar sai ta riƙa haɓaka har walda ta fara tsagewa. Dole a zana shi ya faɗo cikin ɗan tsukukun da ke tsakanin saurin juyin farfela da saurin wucewar fukafukai. Ga shi kuma taurin ƙasar da aka kafa shi a ciki yana cikin lissafin, ruwa kuwa kullum yana kwashe yashin gindinsa. Idan rami ya yi zurfi, ginshiƙi ya ƙara tsawo ke nan, saurin lilonsa ya sauka, lissafi ya ɓaci. Shi ya sa ake jibge duwatsu a gindin kowanne. Inji mai juyawa wajen sau 8 a minti zai yi juyi kusan miliyan 100 a shekara 25, kuma ƙarfe yana gajiya.

Wajajen 2009 zuwa 2010 aka gano cewa simintin da ake haɗa bututun ƙasa da na sama da shi yana saki, na saman yana zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan. Ɗaruruwan injina a Turai abin ya shafa, domin duk ƙa'idar zane ɗaya suka bi. Irin kuskuren harkar nan ke nan: ba ya zuwa ɗaya-ɗaya, idan ya zo a kan jeri yake zuwa.

Tsatsa kuwa ba sai na tsawaita ba. Wurin da ya fi muni shi ne inda ruwa ke fantsama, ya jiƙe ya bushe, ga gishiri ga iska. Ana shafa fenti hawa-hawa, a ƙarƙashin ruwa kuma a manna guntayen alminiyom waɗanda tsatsa za ta ci a madadin ƙarfen. Ɗakin injin da ke sama a rufe yake, ana tace iskar da ke shiga ana busar da ita.

Yanzu ga fanninka, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Kebul ɗan ƙaramin kaso ne na jarin tasha, amma masu inshora sun daɗe suna cewa shi ne ke lashe mafi yawan kuɗin diyyar da suke biya. Injina suna haɗe da juna da kebul mai kilobolt 66, a da 33 ne, zuwa wata tashar taransifoma da ke kan dandamali a teku, daga nan a ɗaga wutar zuwa kamar kilobolt 220 a turo ta tudu. Inji ɗaya ya tsaya, asarar inji ɗaya ce. Babban kebul ɗin fitarwa ya yanke, ko da angar jirgi ce ta ja shi, rabin tasha ko duka ta yi shiru, kuma kafin a gano wurin, a samo jirgi, a tono shi, a haɗa, a sake binnewa, watanni sun wuce. A 2021 kamfanin Ørsted ya sanar cewa rigar da ke kare kebul a gindin injina tana gogar duwatsun nan da aka jibge, tana cinyewa, a tashoshi har kusan 10, ya kuma ƙiyasta gyaran a kan kuɗin Danmak kurona biliyan 3. Ka ga an magance zaizayar yashi, maganin ya haifo wata cutar.

Nisa ma yana da nasa hukunci. Kebul na cikin ruwa, saboda kusancin wayar da rigar ƙarfensa, yana riƙe caji. Wutar AC tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, kowane juyi sai kebul ya cika ya juye, kuma wannan kai-kawo yana cin gurbin wutar da ake son sayarwa. Gwargwadon tsawo, gwargwadon ɓarna. Tashar Hornsea One ta Ingila, mai nisan kusan kilomita 120 daga gaɓa, sai da aka gina mata wani dandamali a tsakiyar hanya don kawai ya shanye wannan caji. Idan nisa ya fi haka sai a koma DC mai babban ƙarfi, wato wutar da ke tafiya gefe ɗaya ba kai-kawo, kamar yadda aka yi a Dogger Bank da kuma tashoshin Jamus masu nisa. DC ba ta da waccan matsala, amma tana buƙatar tashar juya wuta a teku da wata a tudu, kowacce gini ce mai nauyin dubban tan, kamfanonin da ke iya ƙera su a Turai kuma ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wanda ya yi oda yau sai ya bi layi na shekaru.

Idan wutar ta iso tudu ma tsugune ba ta ƙare ba. Injin iska ba ya haɗuwa da babban layi kai tsaye kamar janaretan Kainji. Ta cikin na'urorin juya wuta yake bi, manhaja ce ke tafiyar da shi. Ranar 9 ga Agusta 2019 aradu ta faɗa kan wani layi a Ingila, abin da aka saba gani. Na'urorin Hornsea One suka rikice, ta zubar da megawat 737 nan take, wata tashar gas ita ma ta fita, mutane kimanin miliyan ɗaya suka rasa wuta, jiragen ƙasa suka tsaya cak. Daga baya an gyara manhajar, amma darasin ya zauna: layin da ya cika da irin waɗannan injina yana buƙatar na'urorin da za su iya riƙe masa kari, wato saurin kai-kawon wutarsa, da kansu, ba masu bin karin wasu kawai ba. Ga kuma ranakun da iska ke ɗaukewa a yanki guda gaba ɗaya, kamar yadda Jamus ta gani a Nuwamba da Disamba 2024, farashin wuta ya yi tashin gwauron zabi. Batir yana cike giɓin awoyi. Giɓin mako guda kuwa sai gas, ko madatsun ruwan Norwe, ko layukan da ke haɗa ƙasa da ƙasa.

Sai gyara. A tudu idan boris ya fara kuka, ka ɗauki mota ka je. A teku ƙananan jiragen da ke kai ma'aikata ba sa iya manna goshinsu da ginshiƙi idan igiyar ruwa ta wuce kimanin mita ɗaya da rabi, a hunturun Tekun Arewa kuwa ana iya yin mako biyu a haka. Matsalar da ba ta wuce aikin awa uku ba sai ta tsayar da inji kwana goma, a lokacin da iska ta fi kyau. Shi ya sa tashoshi masu nisa ke amfani da manyan jirage da ma'aikata ke kwana a ciki mako biyu, masu wata gada da ke daidaita kanta da motsin ruwa. Idan babban abu ne, giya ko janareta ko fiffike, sai an kira jirgi mai ƙafafu wanda ke kafa su a ƙasan teku ya ɗaga kansa sama da ruwa. Wannan tsoro ne ya sa wasu kamfanoni, irin Siemens Gamesa, suka cire giya gaba ɗaya suka koma janareta mai maganaɗisu da farfela ke juyawa kai tsaye. Sun rage abu ɗaya mai lalacewa, sun ɗauko dogaro da ma'adinan maganaɗisu waɗanda kusan duk a hannun Sin suke.

Fiffiken ma yana shan nasa. Bakinsa na gudun wajen kilomita 300 a awa, a wannan gudu ɗigon ruwan sama yana cin gefensa sannu a hankali har ya yi kaushi, wuta ta ragu. Tashar Anholt ta Danmak ba ta cika shekara 5 ba aka fara sauke fukafukanta don gyara. Gyaran da ake yi a sama kuwa mutum ne rataye da igiya, da injin goge-goge a hannu, yana jiran ranar da iska da danshi za su bar shi ya shafa abin da zai shafa.

Akwai kuma satar iska. Injin da ke gaba yana tsotse ƙarfin iska ya bar wa na baya ragowa mai hargitsi, kamar masu noman rani a bakin rafi: na sama ya tare ruwa, na ƙasa ya samu abin da ya tsiyayo. Saboda haka ake barin tazarar faɗin farfela 5 zuwa 10 tsakanin inji da inji. A teku wannan inuwa tana iya bin iska kilomita gommai, har tasha ta rage wa maƙwabciyarta wuta, ana ta kai ƙara gaban hukuma. A 2019 Ørsted ya rage hasashen wutar da tashoshinsa za su bayar saboda an raina girman wannan illa. Ka ga filin da ka ce fetal ne ba fetal ba ne, ga masunta, ga hanyoyin jiragen kaya, ga na'urorin hangen sojoji, ga tsuntsaye masu ƙaura.

Ra'ayina, wanda ba kowa zai yarda da shi ba, shi ne tseren girma ya wuce gona da iri. Dalilin girman a fili yake: inji ɗaya mai megawat 15 tushe ɗaya yake so, maimakon uku na masu megawat 5. Amma idan ka ninka tsawon fiffike biyu, wuta ta ninka huɗu, nauyi kuwa yana neman ninka takwas sai dai a yi dabarar kayan ƙira. Kafin a gama koyon halin inji mai megawat 8 an fito da na 11, kafin jirage da tashoshin jiragen ruwa su mayar da kuɗinsu an fito da na 15, a Sin har an ƙera na 26. Jirgin Voltaire da ke kafa injinan Dogger Bank ƙugiyarsa na ɗaga sama da tan 3,000, irinsa kuma kaɗan ne a duniya. A Yuli 2024 fiffike mai tsawon mita 107 ya karye a tashar Vineyard Wind ta Amurka, tarkacensa ya cika gaɓar tsibirin Nantucket, kamfanin GE Vernova ya ce kuskuren manni ne daga masana'anta. Da za a tsaya a kan girma ɗaya na shekara 10 a ƙera dubbai, da araha da ƙarko sun fi samuwa.

Batun gaba kuwa, kuɗi ne ke yanke hukunci fiye da ƙarfe. Tashar iska ba ta sayen mai, duk kuɗinta a farko ake zuba shi, galibi bashi ne, don haka kuɗin ruwan banki kan kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin farashin wutar. Lokacin da bashi ke araha, farashin da gwamnatin Birtaniya ke lamunce wa tashoshi ya faɗo daga wajen fam 115 zuwa 120 a kan megawat na awa guda a 2015 zuwa fam 37.35 a 2022, duka a ƙimar kuɗin 2012. Sai ƙarfe ya yi tsada, kuɗin ruwa ya hau. A Yuli 2023 kamfanin Vattenfall ya dakatar da aikin tashar Norfolk Boreas ta Ingila yana cewa kuɗin aiki ya ƙaru da kashi 40. A Satumba sakamakon takarar da gwamnati ta buɗe a kan fam 44 ya fito, ko kamfani ɗaya bai shiga ba. Ørsted ya soke ayyuka biyu a gaɓar New Jersey a wannan shekarar, ya kuma janye daga aikin tashar Hornsea 4 a 2025. Danmak, mahaifar harkar, ta yi gwanjon filaye a Disamba 2024 ba wanda ya taya. A Amurka siyasa ta ƙara nata: daga Janairu 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da ba da sababbin filaye, har ta tsayar da ayyukan da ake tsakar ginawa.

Duk da haka ban ga alamar mutuwa ba. Da Birtaniya ta ɗaga farashi a 2024 kamfanoni sun dawo, aka tsaya a kan fam 58.87. Ƙasashe 9 da suka haɗu a birnin Ostend na Beljiyam a 2023 sun sa wa kansu burin megawat 120,000 a Tekun Arewa da kewayensa nan da 2030, da 300,000 nan da 2050. Na 2030 ɗin ba na jin za su cim masa, amma alƙiblar ba ta sauya ba, domin ƙasa mai cunkoson jama'a da dogon hunturu ba ta da wata babbar mafita marar hayaƙi da ta fi wannan kusa. Sin kuwa tana da abin da Turai ta rasa: masana'anta, jirage da tashoshin jiragen ruwa duk a gida, ga manyan biranenta a bakin teku. Nata ƙalubalen guguwa ce, don haka injinanta da na Taiwan da Japan ake zana su da baturan da za su ci gaba da juya fuskar inji ko da wuta ta yanke a tsakiyar hadari.

Babbar ƙofar da ba a gama buɗewa ba ita ce injina masu iyo. Bututu ko ƙafafun ƙarfe suna tsayawa ne a zurfin kimanin mita 60, mafi yawan iskar teku kuma tana kan ruwan da ya fi haka zurfi, kamar gaɓar Japan, Kaliforniya, Norwe da Bahar Rum. Hywind Scotland, injina 5 da aka ɗaure da sarƙoƙi a 2017, ta ba da matsakaicin kashi 54 cikin 100 a shekarunta 5 na farko, abin da ya nuna dabarar tana aiki. Hywind Tampen mai megawat 88 tana ba dandamalan haƙar man Norwe wuta a ruwa mai zurfin kusan mita 300. Amma a 2024 sai da aka kwance injinan Hywind Scotland duka biyar aka ja su har Norwe don babban gyara, saboda jirgi mai ƙafafu ba ya taka ƙasa a wannan zurfi. Kebul ɗinsu ma a rataye yake cikin ruwa yana lanƙwasa dare da rana. A takarar Birtaniya ta 2024 wutar mai iyo ta tashi a kan fam 139.93, fiye da ninki biyu na mai tushe, kuma duk na duniya a haɗe ba su kai megawat 300 ba a ƙarshen wannan shekarar. Za ta yi girma, amma a shekarun 2030, ba gobe ba.

Nahiyarmu har yanzu ba ta da tasha ko ɗaya a teku. Inda iskar teku ta fi ƙarfi shi ne gaɓar Maroko da Muritaniya, da Namibiya da Afirka ta Kudu, da wasu sassan Bahar Maliya. Gaɓar Legas zuwa Kalaba tana kusa da tsakiyar duniya inda iska ba ta da kuzari, kuma ka tuna lissafin farko: iska mai gudun mita 5 kashi ɗaya cikin takwas take bayarwa na mai gudun mita 10. Ƙara da tsadar bashi da raunin babban layi, sai ka ga hasken rana da iskar tudu ta Arewa sun fi kusa da aljihunmu nesa ba kusa ba. Kai kuwa idan harkar ta burge ka, ka mayar da hankali kan na'urorin juya wuta, kariyar layi, da kebul na babban ƙarfi. Waɗannan ne ake neman masu su ido rufe a Tekun Arewa, kuma su ne dai tashoshin hasken rana na gida za su nema a hannunka.